Raunin da Ba Ya Zubar da Jini: Darasi a Kan Taɓin Hankali Daga Ƙasar Ruma

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani ciwo wanda da wuya a sami dangin da bai taɓa ba, amma kaɗan ne ke yarda a ambace shi a gaban baƙo, wato ciwon taɓin hankali. Za mu dube shi ta wajen ƙasar Ruma, domin abin da ya sami mutanenta cikin shekarun nan ya sa maganar ta wuce a riƙa yin ta da raɗa a bayan ɗaki.

Ƙasar Ruma tana yammacin Jihar Katsina, ta ƙunshi yankunan Batsari da Safana, kuma Hakimin Batsari shi ke riƙe da sarautar Sarkin Ruma. Ƙasa ce ta manoma da makiyaya, ta jingina da Dajin Rugu wanda ya miƙe har cikin Zamfara. Tun a ƙarni na 19 aka san Rumawa da jarunta, har yau kuwa ba a raba sunan Ruma da na mayaƙin nan Ɗanwaire. Satar shanun da ta yi sansani a dajin fiye da shekara goma da suka wuce ita ce ta rikiɗa ta zama kisa da ƙone-ƙone da sace mutane don neman fansa. A watan Mayu na 2019 aka kwashi gawawwakin mutum 18 da aka kashe a 'Yargamji aka kai su har birnin Katsina, domin mahukunta su gani da idanunsu. Ranar 14 ga Fabrairu, 2020, aka kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar, bayan wata biyu kuma aka kashe wasu 47 a ƙauyukan Safana da Dutsin-ma da Ɗanmusa. A watan Satumba na 2021 gwamnati ta katse layukan waya a yankin, har ya zama mai jinya ba ya iya kiran ɗan'uwansa. A 2025 ne shugabannin jama'a a Batsari da Safana suka zauna sulhu da 'yan bindigar dajin, manoma da yawa suka koma gonakin da suka bari.

Bayan kowane hari akan yi ƙirga. A ƙirga gawa, a ƙirga shanun da aka kora da rumbunan da aka ƙone, daga baya a ƙirga kuɗin fansa. Wanda ba ya shiga lissafi shi ne wanda ya tsira babu ko ƙwarzane a jikinsa, aka yi masa barka, alhali kuwa tun daga ranar bai sake barcin kirki ba. Sulhu yana iya tsayar da harbi cikin yini guda, amma abin da harbin ya bari a kawunan mutane ba ya bin yarjejeniya, sau da yawa ma sai ƙura ta lafa sa'an nan yake fitowa fili. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa ƙiyasi cewa a wuraren da aka yi yaƙi ko tashin hankali, mutum 1 cikin 5 na ɗauke da wata lalurar hankali, ƙarama ko babba, kuma kusan 1 cikin 11 tasa ta kai matsakaiciya ko mai tsanani. A ƙidayar 2006 Batsari tana da mutane fiye da 200,000, Safana fiye da 180,000, an kuma ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. Mai karatu ya yi lissafin da kansa.

Mafi yawan Rumawa Musulmi ne, amma kada wani ya ce ashe maganar ba tamu ba ce. Waɗanda suka gudo daga ƙauyuka sun zauna a garin Batsari da Dutsin-ma da unguwannin birnin Katsina, muna cin kasuwa ɗaya da su, 'ya'yanmu da nasu suna aji ɗaya. Wutar kuma ba ta tsallake gidajenmu ba. A watan Mayu na 2021 aka kashe Fada Alphonsus Bello a Malumfashi, aka sace Fada Joe Keke duk da tsufansa. A watan Mayu na 2022 aka sace Fada Stephen Ojapah da Fada Oliver Okpara daga Gidan Maikambo ta ƙasar Ƙafur, suka yi fiye da wata guda a daji. Fada Ojapah bai ɓoye ba cewa wahalar ba ta ƙare ranar da aka sako shi ba, ya kuma mai da hankalinsa ga taimakon waɗanda suka sha irin abin da ya sha. Idan Fada zai faɗi haka a bainar jama'a, manomin Ruma ko na Ƙafur ba shi da abin jin kunya.

Abin da tsoro ke bari a jiki

Allah ya halicci jikin ɗan Adam da wata ƙararrawa. Da zarar ido ya ga haɗari ko kunne ya ji shi, ƙwaƙwalwa takan aika saƙo, wasu ƙananan halittu da ke bisa ƙoda su zuba sinadari cikin jini, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, barci da yunwa su gudu, domin mutum ya sami ƙarfin tserewa. Baiwa ce wannan, ita ce ta fitar da mutane da yawa daga ƙauyukan nan da ransu. A bisa al'ada ƙararrawar takan yi shiru bayan kwanaki ko makonni, yawancin mutane kuma sukan murmure da taimakon dangi da maƙwabta ba tare da sun ga likita ba. Ga wasu kuwa sai ta maƙale, ta yi ta kaɗawa. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Baƙin tsumman mutumin Ruma shi ne ƙarar babur da dare, tun da a kan babura maharan ke zuwa. Yana jin ta sai jikinsa ya ɗau ɓari, ya ga abin da ya wuce yana sake faruwa a gabansa kamar yanzu ake yi. Ya riƙa mugun mafarki, ya ƙi bin hanyar da aka tare shi, ya ƙi taka gonar da aka kashe ɗan'uwansa, abu kaɗan ya fusata shi har ya ɗaga hannu ga matar da bai taɓa duka ba. Idan wannan hali ya wuce wata guda yana hana mutum harkokinsa, likitoci sun ɗauke shi a kan ciwo ne mai suna, mai kuma magani.

Na yara ya bambanta. Yaron da ya daina fitsarin kwance ya koma yi, mai surutu ya yi gum, wani ya manne wa uwarsa ko bayan gida ba ta zuwa sai da shi, wani kuma ba shi da wasa sai na 'yan bindiga, da kara a kafaɗa. A makaranta sai a ce ya zama daƙiƙi. Bulala ba ta gyara wannan, ƙara masa take yi.

Akwai kuma ciwon damuwa mai nauyi, wanda ya wuce baƙin cikin rashi da kowa ya sani. Mai makoki yakan yi kuka ya kuma ci abinci, in an zo gaisuwa ya amsa, sannu a hankali ya koma gona. Mai wannan ciwo kuwa sai a yi makonni komai ya fita ransa, abinci ba ɗanɗano, ya farka tun kafin asuba ya kasa komawa, ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani, wani lokaci har ya ce gara mutuwa. Magidancin da ya sayar da gona da shanun huɗa ya fanso matarsa, ya wayi gari yana bin layin karɓar tsaba a sansanin gudun hijira, yana cikin waɗanda abin ya fi kamawa. Da wuya ka ji ya ce zuciyarsa ce ta karye. Cewa zai yi kansa na sarawa, ko jikinsa na zafi, ko wani abu na yi masa yawo a ƙarƙashin fata, sai mai kemis ya ba shi maganin taifot da na zazzaɓi, wata ya zagayo a sake ba shi. Ƙasar da ta yi suna da jarunta tana da wani nauyi nata na daban, domin a cikinta ɗa namiji ba ya buɗe baki ya ce yana tsoro. Samari da yawa sun je neman barci da taurin zuciya a wajen taramol da wiwi da kodin, an gudu ba a tsira ba.

Wadda ta fi kowa shiru ita ce macen da aka sace aka ci mutuncinta a daji. Ta dawo, an yi murna, an yi godiya ga Allah, daga nan ba wanda ya sake tambayarta komai, ita ma ta san abin da zai biyo baya in ta yi magana. Wata mijinta ya ƙaurace mata, wata ta dawo da ciki. Muna faɗi a fili domin kowa ya ji: wadda aka yi wa fin ƙarfi ba ta yi zunubi ba, aurenta yana nan daram, tana bukatar a kai ta asibiti da wuri a duba lafiyarta, kuma mai yi mata gori shi ne ya kamata ya je wurin Fada ya furta laifinsa.

Kalma ɗaya, cututtuka da yawa

Harshenmu ya tara abubuwa da yawa cikin kalmar hauka, da zarar an faɗe ta kuwa abin da ke zuwa a zuciya shi ne mutum tsirara a bakin kasuwa yana tsince-tsince. Irin wannan kaɗan ne ƙwarai cikin masu lalurar, kuma galibi rashin magani da rashin mai kula ne suka kai shi can. Akwai cutar da likitoci ke kira sikizofireniya, wadda ke kama kusan mutum 1 cikin 300 a duniya, yawanci a shekarun samartaka. Mai ita yakan ji muryoyin da ba wanda ke ji, ya gaskata ana farautarsa. Akwai wadda ke ɗaga mutum sama, ya yi kwanaki ba barci yana surutu yana rabon dukiyarsa, sa'an nan ta kayar da shi cikin baƙin ciki. Akwai ruɗewar da ke kama mai jego 1 ko 2 cikin 1,000 a makonnin farko bayan haihuwa, wadda ke bukatar asibiti a ranar saboda ran uwa da na jariri. Duk waɗannan akwai su a Ruma tun kafin a ji ƙarar bindiga, kamar yadda suke a Roma. Abin da tashin hankali ya yi shi ne ya tsananta su, ya kuma datse hanyar zuwa karɓo magani.

Abu biyu ake cusawa cikin hauka bisa kuskure. Mai farfaɗiya hankalinsa ɗaya yake tsakanin faɗuwa da faɗuwa, ba a ɗaukar cutar ta miyau ko ta taɓa jiki, kuma yawancin masu ita sukan daina faɗuwa in sun dage da magani. Shi kuwa wanda zazzaɓi mai zafi ko sanƙarau ya sa shi sambatu, a garzaya da shi asibiti, domin daren da aka ɓata ana turare yana iya zama ajalinsa.

Mari da turu

A 2004 wasu likitoci na Kano suka wallafa binciken da suka yi a ƙauyen Karfi, inda suka tambayi manya 250 abin da ke kawo taɓin hankali. Amsar da ta fi yawa ita ce shaye-shaye, sai fushin Allah ko ƙaddararsa, sai sammu da iskoki, kuma kusan rabinsu suka nuna ƙyama ko tsoro ga mai ciwon. Shekara 20 ke nan da ɗoriya, amma wanda ya saurari hirar zaure, ko ta bakin coci bayan Misa, zai ji amsoshin nan ba su tsufa ba. Yawancinsu neman mai laifi suke yi: ko mara lafiyan ne ya jawo wa kansa, ko iyayensa sun yi wani abu, ko kishiya ce ta yi jifa. Gidaje nawa suka watse a kan zargin da ba shi da tushe, shi kuwa wanda ake faɗan dominsa yana kulle a ɗaki ba wanda ya kai shi ga likita!

Iyali sukan ɓoye nasu ne domin sun san abin da za su biya. In labari ya fita, masu neman auren ƙannensa mata su janye, a ce abin a jini yake. A daina ba shi bashi, a daina sa shi cikin shawara, ko ya warke maganarsa ba ta da nauyi, tun da an riga an yanke cewa hauka ba ya warkewa sai dai rangwame. Gado yana da ɗan hannu a wasu daga cikin cututtukan nan, kamar yadda yake da shi a ciwon sukari da hawan jini, amma mafi yawan 'yan'uwan mai ciwon ba sa kamuwa. Ba mu taɓa jin an fasa aure don kakan amarya yana da hawan jini ba.

Idan ɓoyo ya gagara sai a koma ga ƙarfe. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fasa wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna suka fitar da mutane fiye da 300, cikinsu har da yara, a watan Oktoba kuma suka fitar da 67 daga wani a Daura, da mari a ƙafafunsu. A watan Nuwamba na shekarar ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoton ziyarar da ta kai wurare 28 da ake ajiye masu taɓin hankali a Nijeriya, ta tarar ana ɗaure mutane a 27 daga cikinsu. Cikin wuraren akwai na gwamnati, akwai na masu maganin gargajiya, akwai na Musulmi, akwai kuma gidajen addu'a na Kirista. Babu mai nuna wa wani yatsa a nan.

Ba ma cewa duk wanda ya ɗaure ɗansa mugu ne. Sau da yawa uwa ce da ta yi wata ba ta runtsa ba, tana tsoron kada ya faɗa rijiya ko ya nufi daji, mota babu, kuɗi babu, likitocin ƙwaƙwalwa kuma a duk ƙasar nan mai mutane fiye da miliyan 200 ba su kai 300 ba. Amma mari yakan ci ƙafa har gyambo ya kama, ƙafafun su shanye don rashin motsi, wanda ciwonsa ke raya masa cewa ana son halaka shi kuma ya sami shaida a idon sawunsa. Dokar farko da Turawa suka yi a kan wannan lalura a 1916, wadda aka sake fasalinta a 1958, ta ɗauki mara lafiyan a matsayin wanda za a kulle don jama'a su huta. A watan Janairu na 2023 aka sanar da cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta ba mai ciwon haƙƙinsa na mutunci da magani, ta kuma haramta ɗaure shi da sarƙa. Sai dai takarda ba ta kwance mari da kanta.

Abin da Ikkilisiya ke koyarwa

A sura ta 5 ta Bisharar Markus an ba da labarin wani mutum a ƙasar Garasinawa, yana zaune a makabarta, yana ihu dare da rana yana yanka jikinsa da duwatsu. Mutanen garinsu sun sha ɗaure shi da mari da sarƙa yana tsinkewa. Bishara ta ce ƙazaman ruhohi ne suka kama shi, ba ma kuwa musun wannan. Abin da muke so a lura da shi shi ne halin mutanen da halin Yesu. Ƙarfen da suka sa masa bai rage masa komai ba, a cikin kaburbura ya ƙare. Yesu ya tsaya ya yi magana da shi, ya tambayi suna. Da mutanen garin suka fito suka tarar da shi a zaune, saye da tufafi, cikin hankalinsa, ba su yi murna ba, tsoro suka ji, suka roƙi Yesu ya bar musu ƙasarsu. Su ma sun iya ƙirga, aladu wajen 2,000 suka hallaka a ranar. Mutumin ya nemi ya bi Yesu cikin jirgi, Yesu ya hana shi, ya mai da shi gida wurin danginsa, wato cikin mutanen da suka ɗaure shi. Wannan kashi na ƙarshe, karɓar wanda ya warke, a hannun jama'ar gari aka bar shi.

Ikkilisiya ta gaskata akwai Shaiɗan, amma ba ta yarda a riƙa ganinsa a bayan kowane ciwo ba. Dokar Ikkilisiya, a sashe na 1172, ta hana kowa yin ibadar fitar da aljanu a kan mutum sai Fadan da Bishop ya ba izini na musamman. Littafin wannan ibada da aka sabunta a 1999 ya umarci Fadan kada ya yi saurin gaskata cewa aljani ne, ya fara tabbatarwa ba ciwon hankali ba ne, ya nemi shawarar likitoci in da bukata. Saboda haka duk wanda ya tara mutane a kan mara lafiya, ko a ƙungiyar addu'a ko a wani gidan warkarwa, ana yi masa tsawa, ana hana shi abinci da sunan azumi, ana cewa ya zubar da ƙwayoyinsa don ya nuna bangaskiya, ba da yawun Ikkilisiyar Katolika yake yi ba. Littafin Sirak, a sura ta 38, ya koya mana girmama likita domin Ubangiji ne ya yi shi, shi ne kuma ya fitar da magunguna daga ƙasa. Mara lafiya ya yi addu'a, ya kuma bar likita ya yi aikinsa. Ba ma ce wa mai karaya ya zaɓa tsakanin rosari da maɗori.

Kada kuma a ɗauka bayin Allah ba sa shiga wannan duhu. Annabi Iliya, bayan da Yezebel ta rantse za ta kashe shi, ya gudu cikin jeji ya zauna a gindin wani itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Allah bai tsawata masa ba. Mala'ika ya kawo masa abinci da ruwa, ya bar shi ya yi barci, ya sake tashe shi ya ci, sai bayan doguwar tafiya aka yi maganar komawa aiki. Waliyyi Yohanna na Allah, a ƙarni na 16, an kulle shi a ɓangaren mahaukata na asibitin birnin Giranada ta Sifaniya, inda magani shi ne sarƙa da bulala. Da ya fito ya buɗe nasa asibitin inda ake karɓar marasa lafiya da mutunci. A 1996 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya jaddada cewa mai ciwon hankali yana ɗauke da siffar Allah a kowane hali, a 2006 kuma Paparoma Benedik na 16 ya keɓe Ranar Marasa Lafiya ta Duniya ga masu wannan lalura.

Game da wanda ciwon ya kai shi ga kashe kansa, abu ne mai girma ƙwarai, amma Katekizim na Ikkilisiya, a lamba 2282 da 2283, ya bayyana cewa tsananin ciwon hankali ko firgici ko azaba na iya rage alhakin mutum, kada kuma a fid da rai ga cetonsa. Tsohuwar dokar 1917 ta hana jana'izar coci ga wanda ya kashe kansa da gangan, dokar 1983 ta cire wannan hani. Iyalin da abin ya sama a je musu gaisuwa kamar kowa, a zauna, kada a tsaya daga bakin ƙofa.

A garin Geel ta ƙasar Beljiyam, inda kabarin Waliyyiya Dimfina yake, ɗaruruwan shekaru ke nan ake kawo masu taɓin hankali neman waraka. Da suka yi wa ɗakin coci yawa sai mutanen garin suka riƙa ɗaukarsu zuwa gidajensu, suna ci tare suna aikin gona tare. A shekarun 1930 baƙin nan sun haura 3,000, kuma al'adar tana nan har yau ƙarƙashin kulawar asibiti, ko da yake sun ragu sosai. A nan gida, a 1954, Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara irin wannan a Aro kusa da Abeokuta: mara lafiya ya sauka a gidan wani a ƙauye tare da ɗan'uwansa guda, ya riƙa zuwa asibiti da rana. A Buwake ta ƙasar Kwaddibuwa kuwa, wani Bakatolike mai facin taya ɗan ƙasar Benin, Grégoire Ahongbonon, wanda shi kansa karayar arziki ta taɓa kai shi bakin kashe kansa, ya fara tun farkon shekarun 1990 bin tituna da ƙauyuka yana yanke sarƙoƙi yana kai mutane ga magani. Ƙungiyarsa mai sunan Waliyyi Kamilus ta buɗe cibiyoyi a Kwaddibuwa da Benin da Togo, kuma da yawa daga ma'aikatanta a ɗaure aka fara kawo su. Mai faci ne, bai yi karatun likita ba.

Abin da farish zai iya yi bai fi ƙarfinmu ba. Wanda ya fito daga hannun masu garkuwa, kada a tsare shi da tambayar me aka yi maka, kada kuma a rufe masa baki da cewa ka yi haƙuri ka manta. A zauna da shi, in ya so magana a saurara, abin da aka ji kuma ya tsaya a nan. In ya ambaci mutuwa a ɗauki maganar da gaske, a tambaye shi kai tsaye, domin tambaya ba ta shuka tunanin. A kawar da fiya-fiya da shinkafar ɓera da igiya daga inda yake, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi ga likita. Akwai manyan asibitocin ƙwaƙwalwa a Kware ta Sakkwato da Barnawa ta Kaduna da Dawanau ta Kano, amma a fara daga babban asibitin da ya fi kusa, kamar na Batsari ko Dutsin-ma ko birnin Katsina, a nemi takardar turawa in abin ya fi ƙarfinsu.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne bayan an karɓo maganin. Na ciwon damuwa yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a ga aikinsa, masu gaggawa sai su ce bai karɓe shi ba. Wasu tsofaffin magungunan sukan kawo sandarewar jiki da rawar hannu da dalalar miyau, sai dangi su tsorata su ce an mai da shi dolo. A koma wurin likita, yana iya rage shi ko ya sauya. Wanda ba ya jure haɗiyar ƙwaya kullum, akwai allurar wata-wata ga wasu cututtukan. Mafi yawan komawar ciwo daga daina magani take zuwa, ko don an ga sauƙi, ko don kuɗin mota ya gagara. A nan ne Zumuntar Mata da Ƙungiyar Waliyyi Vincent de Paul za su yi amfani ƙwarai, in suka ware ɗan asusu na kuɗin mota da magani, suka kuma sa mutum guda ya riƙa tuna ranar komawa asibiti ya raka mai zuwa. Kada a tambayi addinin maƙwabcin da ya zo neman wannan taimako.

Wanda ya sami sauƙi a mayar masa da wurinsa: in ɗan ƙungiyar mawaƙa ne ya koma sahunsa, in mai karatu ne a ba shi littafi, a kira shi gayya, a daina kiransa da sunan ciwonsa, a kuma tsawata wa yaran da ke jifa da ihu a bayan taɓaɓɓe a kan hanya. Ranar 11 ga Fabrairu ita ce Ranar Marasa Lafiya, kuma a farish-farish da dama akan rubuta sunayen waɗanda za a kai wa Jibin Ubangiji a gida, tsofaffi da guragu da masu shanyewar jiki. Katekis ya san gidajen da ke da ɗaki a rufe a can ƙurya. Ya je ya gaishe su shi kaɗai tukuna, ya nemi yardar iyalin, sa'an nan ya sa sunan cikin takardar Fada.